Tawul ɗin Kyauta Ya Ƙare, Kada Ki Taɓa Kuɗin Adashin Nan Tukuna

Wata baiwar Allah mai ɗinki a gida, daga unguwar Ɗorayi a Kano, ta rubuto tana neman shawara. Ta ce wata 4 da suka wuce ta tattara tsofaffin tawul na gidanta waɗanda suka koɗe bakinsu ya fara zarewa, ta wanke su, ta yayyanka su dogaye-dogaye, ta kitsa su kamar igiya, sannan ta naɗe kitson ta bi shi da ɗinki har ya zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Da ƙananan guntayen kuma take yin abin sauke tukunya. Maƙwabta suka gani suka yaba, 'yan'uwa suka riƙa aiko mata da nasu tsofaffin, har ta sayar da abin goge ƙafa 20 a kan naira 2,500 kowanne, ta kuma sami kusan naira 12,000 a ƙananan kayan. A faɗarta, naira 62,000 ɗin nan duk riba ce, tunda tawul ɗin kyauta ta same su. Yanzu na kyautar sun ƙare, ga ɗaukar adashinta ta naira 150,000 tana tafe, don haka take so ta ranci naira 110,000 wajen yayanta ta haɗa, ta sayi dilar tawul na gwanjo mai kilo 45 da aka yi mata tayi a kan naira 260,000 a Ƙofar Wambai. Burinta kafin shekara ta zagayo ta buɗe shago ta riƙa kai kaya manyan kantuna, domin ta ga wata mata a bidiyo tana cewa da irin wannan aiki ta gina gida.

Malama, hannunki yana da kyau, kuma wanda ya iya mayar da abin da za a jefar ya zama abin da ake fitar da kuɗi a saya ya cancanci yabo. Amma akwai jimla guda a wasiƙarki wadda ita ce za ta cinye adashin nan da kuɗin yayanki gaba ɗaya, wato inda kika ce duk riba ce tunda tawul ɗin kyauta ne. A kan wannan jimla kika ɗora farashinki, a kanta kika ɗora burin shago, kuma ba ta da tushe.

Ki ɗauko biro mu lissafa da alƙaluman da ke da kanki kika ba ni. Tawul na wanka matsakaici yakan kai wajen rabin kilo, saboda haka dila mai kilo 45 za ta ba ki kamar guda 90, ko ta ɗan haura ko ta ɗan gaza. Idan kika raba naira 260,000 gida 90, kowane tawul ya tsaya miki a kusan naira 2,900 tun bai bar kasuwa ba, ban da kuɗin dako da na adaidaita sahu. Kin ce abin goge ƙafa ɗaya yana cin tawul biyu, ke nan kayan da ke cikinsa kaɗai sun kai naira 5,800, alhali kuwa kin saba wa masu saye da naira 2,500. Ko da kin ƙarar da dilar nan kaf ba tare da guda ɗaya ya lalace ba, abin da za ki fitar shi ne guda 45, kuɗinsu naira 112,500. Da ƙyar wannan zai biya yayanki, adashin kuwa ya tafi, kuma har yanzu ba mu sa zare ko omo ko ruwa a ciki ba.

Akwai wani abin da ya fi wannan ciwo. Dilar gwanjo ba tsumma ake cusawa a cikinta ba. Yawancin abin da za ki tarar idan aka yanke ɗaurin tawul ne masu sauran ƙarfi, waɗanda mai gwanjo zai kaɗe ya baza a rumfa ya sayar a matsayinsu na tawul, wasu ma a farashin da ya fi na abin goge ƙafarki. Ranar da kika sa almakashi a irin wannan, kin rage masa daraja da hannunki, sannan kin ƙara masa wahalar awa 4 ɗin da abin goge ƙafa ɗaya yake ci miki domin ki sayar da shi ƙasa da yadda kika saye shi. Sana'arki ta yi kyau ne saboda tana farawa daga abin da darajarsa ta riga ta faɗi ƙasa, kuma da zarar kin koma sayen mai lafiya kina yankawa, kin bar sana'ar da kika iya kin shiga wata wadda babu mai cin riba a cikinta.

Kada kuma ki ce ai sai ki ɗaga farashi zuwa naira 7,000. Ki leƙa Kasuwar Sabon Gari ko nan Ƙofar Wambai ɗin, ki tambayi kuɗin abin goge ƙafa na roba da na gashi da ake shigowa da su daga ƙasar Sin. Su ne suke yanka miki iyakar abin da za ki iya nema, domin matar da ta zo saye ba ta san awa nawa kika yi kina kitso ba, abin da ta sani shi ne ga sabo fil a leda ga kuma na tsohon tawul. Maƙwabtan da suka saya a hannunki sun saya ne don kyan aikin, da arahar sa, da kuma kunyar idonki, kuma mutum 20 ne kawai. Manajan babban kanti ba shi da wannan kunyar.

Na taɓa ganin irin wannan da idona, shekaru da dama baya, a wajen wata dattijuwa da ke haɗa zanin gado da rigar filo daga ƙyallayen da ke zuba a shagon ɗan ƙanwarta tela. Duk yamma yaro zai kawo mata buhu guda, ba ta biyan ko kwabo, tana sayar da zanin gado da araha har ana rububinsa. Ba ta taɓa rubuta komai ba, domin a ganinta me za a rubuta a kan abin da aka share daga ƙasa? Da masu yin katifa da filo suka fara bin shagunan teloli suna sayen ƙyalle, sai yaron nan ya soma kawo rabin buhu, daga baya ya daina zuwa, kuma ban ga laifinsa ba tunda shi ma iyali gare shi. Ta shiga kasuwa ta sayi yadi don kada ta rasa masu sayenta, ta ci gaba da ba su a tsohon farashi saboda nauyin baki, tana jin kuɗi na shigowa kullum tana ganin ciniki ake yi. Wata 6 ba su cika ba ta sayar da keken ɗinkin don ta biya mai yadi. Babu wanda ya cuce ta a cikin wannan labari, ita ce ba ta taɓa sanin nawa zanin gado ɗaya yake tsaya mata ba.

Ke ma ba ki sani ba, kuma ko a kan na kyautar ba duk naira 62,000 ce ribarki ba. Tawul 40 da suka kwana biyu a lungu sai an jiƙa su an wanke da omo, an sa musu Hypo, an ɗauraye sau biyu ko uku, kuma in ba famfo gare ki ba, 'yan garuwa jarka-jarka suke lissafa miki. Kitson tawul yana da kauri, yana cin zare sosai, yana karya allura idan ba mai lamba 16 ko 18 kika ɗaura ba, gashinsa kuma yana taruwa a ƙasan keke har sai an buɗe an share an sa mai. Sannan ga lokacinki. Guda 20 a awa 4 kowanne awa 80 ke nan, kuma ke tela ce: riga da zane nawa za ki ɗinka a awa 80, nawa ne kuɗin ɗinkinsu? Idan kika cire wannan, mai yiwuwa ki tarar da abin da ya saura bai wuce kuɗin cefanen kwana kaɗan ba. Wannan ba abin kunya ba ne ga aikin da aka fara da rana tsaka don rage zaman banza, amma ba a cin bashi a kansa.

Game da matar bidiyon nan, ba zan ɓata lokaci ba. Ba ki ga littafin lissafinta ba, ba ki san ko kuɗinta daga tawul yake fitowa ko daga yawan masu kallonta ba, kuma da yawa daga masu irin wannan bidiyo abin da suke sayarwa shi ne koyarwar, ba kayan ba.

Farashin dilar ma ba tsayayye ba ne. Gwanjo kaya ne da ake saye da dala, kuma yana cikin jerin abubuwan da hukumar kwastam ta Nijeriya ta hana shigo da su, shi ya sa yawancinsa yake zagayowa ta Kwatano da iyakokin maƙwabta. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 masu gwanjo sun ji a jikinsu, haka nan da aka saki naira aka bar kasuwa ta yanka mata farashi a watan Yunin 2023, dala a farashin hukuma ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma dila ta bi ta. Mai babban jari yana iya jure irin wannan girgiza. Mai jarin adashi da rancen ɗan'uwa kuwa girgiza ɗaya ta ishe ta.

Abin da nake so ki yi ba shi da ban sha'awa, amma shi ne zai nuna miki ko akwai sana'a a nan. Ki ware naira 15,000 kawai daga adashin. Ki je wajen masu gwanjon nan, ba don dila ba, ki tambayi ragowar da ta ƙi fita, wato masu yagewa da masu tabon da ba ya wankuwa, waɗanda suke tarawa gefe suna neman wanda zai kwashe a kashi. Ki yi magana da masu wanki da guga da ƙananan otal-otal, domin su ma sukan sauya tawul idan ya tsufa. Na asibiti kuwa ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, kuma kada ki yi wani abin da zai taɓa jikin jariri da tawul ɗin da ba ki san inda ya fito ba. Ki sa wa kanki iyaka: duk tawul ɗin da ya wuce naira 400 ko 500 ba naki ba ne, ki bar shi ga mai son wanka da shi.

Sannan ki duba kayan da ba su cin lokaci. Abin goge ƙafa shi ne ya jawo miki yabo, amma ina zargin ba shi ne zai kawo kuɗi ba. Tawul guda idan aka raba shi gida 6 aka naɗe bakin kowanne da ɗinki ɗaya, ya zama tsumman goge-goge cikin minti kaɗan, kuma masu wankin mota, da makanikai, da 'yan adaidaita sahu da ke goge gilashi sau goma a rana lokacin hunturu, kullum suna buƙatarsa, suna ƙarar da shi su dawo. Ko a naira 200 kika ba su, tawul na naira 400 ya zama naira 1,200. Abin goge ƙafar ki bar shi ga wadda ta yi oda ta ba da kafin alƙalami, musamman da damina lokacin da laka ke bin ƙafa har tsakar ɗaki, kuma ki gaya mata gaskiyar abin da aka yi shi da shi tun kafin ta tambaya.

Duk wannan ba zai amfane ki ba in babu littafi. Ki sayi ɗan littafin makaranta mai shafi 40, ki keɓe shi ga tawul kaɗai, kada kuɗin ɗinki ko na cefane su shiga cikinsa. Kowane tawul da ya shigo gidanki ki rubuta masa kuɗi, har wanda ƙanwarki ta aiko da shi kyauta, ki sa masa farashin da za ki biya da a kasuwa kika saye shi, domin ranar da kyauta ta yanke farashinki ya riga ya san da zamanta. Ki rubuta omo, da ruwa, da zare, da allurar da ta karye, da kuɗin mota. Ki rubuta awa nawa kika zauna, ki yanka wa awar kuɗi daidai da abin da ɗinki yake ba ki. Wanda ya karɓi kaya bai biya ba ki rubuta shi a shafi dabam, kada ki lissafa shi cikin ciniki sai kuɗin ya shiga hannunki, ko da kuwa ɗakinku ɗaya da mai bashin.

Yayanki kuma ki gode masa, ki ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Rancen ɗan'uwa yana da daɗin karɓa saboda babu takarda babu wa'adi, amma idan ya maƙale, a wajen biki da suna ake jin nauyinsa, kuma ban ga dalilin da zai sa ki kai zumunci cikin lissafin da tun a takarda ya nuna faɗuwar naira 147,500 ba. Sauran naira 135,000 na adashin ki ajiye su inda hannu ba zai kai da sauƙi ba. Bayan mako 6 ki sake rubuto mini da abu uku daga littafin: nawa tsumma ɗaya ya tsaya miki, nawa abin goge ƙafa ɗaya ya tsaya miki, da kuma mutum nawa ne waɗanda ba 'yan'uwa ba ne ba maƙwabta ba suka dawo saye karo na biyu.