Saƙon murya ko rediyo: wanne za a gaskata?

Tambaya daga wani ɗan kasuwar hatsi a Maradi: Malam, a da sai na ji labarun rediyo nake buɗe rumfa. Yanzu tun kafin in kunna rediyon saƙon murya ya riga ya shigo WhatsApp: yau an rufe hanyar Ɗan Isa da ke kusa da iyakar Najeriya, gobe gero zai yi tsada. Wanne zan kama?

Amsa: Alhaji, fara da duba saman saƙon. Kibiya ɗaya na nufin turo shi aka yi, ba mai aikowar ne ya naɗe shi ba. Kibiya biyu kuwa, ya ratsa hannu biyar ko fiye, kuma tun 2020 WhatsApp ba ya barin a tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda. Amma kibiyar ba ta shaidar gaskiya ko ƙarya. Wanda ya sauke saƙon a salularsa ya sake ɗora shi, kibiyar ta ɓace. Saƙonnin kuma a kulle suke tafiya, kamfanin kansa ba ya jin abin da ke ciki, balle ya tace.

Abin da ke damuna shi ne muryar ba ta da mai ita. "Jama'a, yanzun nan nake samun labari": wa ke magana, daga ina, wace rana? Saƙon bara yakan dawo bana kamar sabo, ga manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. Rediyo ma yana kuskure, na sani, kuma tun da aka dakatar da rediyon Faransa RFI a Nijar a Agustan 2023 mutane da yawa sun ƙara dogara da waya. Sai dai gidajen rediyo irin su Anfani, Saraounia ko Muryar Sahel suna da suna da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa in sun faɗi ba daidai ba. Maganar hanya kuwa, kira direban da ka sani a tasha kafin ka taɓa farashin buhunka.

Tambaya daga wata malama a unguwar Zariya ta Maradi: An turo min hoton ambaliya an ce Gulbin Maradi ne. Yaya zan tabbatar?

Amsa: Malama, buɗe Google, taɓa alamar kyamara ta Google Lens, ki sa hoton. Zai nuna miki shafukan da ya taɓa fitowa. In kin gan shi da tsohuwar ranar wata ko sunan wata ƙasa, ki gaya wa wadda ta turo miki, a cikin rukunin da ta sa shi.