Amsa: Sayen sabon gida a rukunin gidaje na bayan gari

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sabon gida a rukunin da ake ginawa bayan gari zai hutar da kai daga gyare-gyare. Zai rage maka, amma kada sabon fenti ya rufe maka ido.

Kafin ka biya kason ƙarshe, ɗauko injiniyanka, ba na kamfanin ba. Ku buɗe famfuna duka a lokaci guda ku ga ƙarfin ruwan. Ku zuba ruwa a ƙasan banɗaki, ku duba ko yana gangarawa magudana ko yana kwanciya a lungu. In da hali, ka leƙa gidan bayan an tafka ruwan sama, ranar ce silin da tsakar gida ke tona asirin magini. Siririyar tsaga a filasta cikin shekarar farko ba abin damuwa ba ce, ginin ne ke bushewa. Amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga tana ƙara faɗi, wannan kam a binciki tushe. Duk abin da kuka gani a rubuta, kamfanin ya sa hannu a kan wa'adin gyara.

Takardun fili kuwa, bar wa lauya ya tantance. Ka kuma tambayi wanda zai riƙa kula da titi, kwata da shara bayan an sayar da gidajen, da abin da za ka riƙa biya duk shekara. Mutane da yawa a nan suke shan mamaki.

Zaman akwai daɗi, sai dai ka shirya wa ƙura da ƙarar tifa muddin ana gini a gefenka. Hanyar wurin aikinka ma ka gwada ta da safiyar ranar aiki, ba ranar hutu ba.