Amsa: Wane zafi ake gasa tukwane?

Malama, kin ce tukwanenki suna fashewa a tanderu, kina tambaya ko zafin ne ya yi yawa. Ni a ganina gaggawar gashi ce.

Gashin gargajiya da itace da ciyawa yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Celsius, shi ya sa randa ke tsattsafo ta sanyaya ruwa. Gashin farko a tanderu kuwa 900 zuwa 1000 ne. In kina son kwano mai ƙyalli da ba ya shan ruwa, irin wanda Ladi Kwali ta yi a cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja, sai kin kai 1200 zuwa 1300. Jan yumɓunmu ba ya jure wannan, narkewa yake.

Amma ɓarnar tana farkon wuta. Nan Jos da damina, tukunya sai ta yi kamar ta bushe alhali cikinta da danshi. Ki kara gindinta a kumatu: in da sanyi, da saura. Ki ja wuta a hankali har ta wuce 200, ki sake lallaɓawa wajen 573, inda yashin cikin yumɓu ke kumbura. Don Allah kar ki buɗe tanderu sai ya huce sarai.