Hajiya, kar ki fasa kicin ɗin nan tukuna

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce gidan yana Gwarinpa a Abuja, kicin ɗin ya shekara 12 ba a taɓa shi ba, dillali kuma ya ce a ciccire komai a zuba sabo kafin a sa gidan a kasuwa. Shawarata ki dakata. Da wuya kuɗin sabon kicin ya dawo a farashin gida, kuma uwargidan mai saye tana iya zuwa ta ce ba kalar da take so ba ke nan. Abin da ke kashe ciniki a kicin yoyo ne da wari, sai duhu.

Ki fara da ƙarƙashin sinki, don nan mace za ta fara buɗewa. A kwashe komai, a shimfiɗa busasshen kwali, a cika sinkin da ruwa a sake shi gaba ɗaya, a jira minti goma. In kwalin ya jiƙe, ko dai robar gwiwar bututun ta mutu, ko silikon ɗin gefen sinki ya ɓanɓare ruwa yana bi ta baya. Mai gyaran famfo zai gama duka biyun a yini guda. In katakon wurin ya kumbura yana marmashewa kamar gurasar da ta sha ruwa, MDF ne, wato katakon da aka yi da matsattsen garin itace, fenti ba zai tashe shi ba. Kafinta ya cire wannan akwatin kaɗai ya yi sabo da katakon marin, mai jure ruwa, ya ɗaga shi a kan ƙafafu kamar santimita 10. Gwiwar nan kuma ruwan da ke kwance a cikinta ne ke tare warin sokawe. In gidan ba kowa, ruwan zai bushe, warin ya hau. A riƙa zuba bokiti guda duk mako.

Sauran kabad ɗin, in jikinsu da ƙarfi, ƙofofin kawai za a sake, ko a goge su a fesa musu fenti. Kafintocin kasuwar Kugbo suna yin wannan. Kafin a tafi kasuwar Dei-Dei sayen mariƙai, a auna tazarar ramuka biyu na tsohon mariƙi: yawanci milimita 96 ne, ko 128, ko 160. In aka sayo wanda bai dace ba, sai an huda sabon rami, tsohon ya zauna a fili kamar tabo. Dutsen kanta kar a taɓa shi sai in ya tsage. Tayil ma haka, layukan da suka yi baƙi kawai za a kankare a cike da farin siminti, a bar shi kwana ɗaya ba ruwa.

Wurin fenti ne ake yawan asarar kuɗi. Hayaƙin manja da man gyaɗa na shekara da shekaru yana manne a bango da silin, kuma duk fentin da ya hau kan maiƙo zai ɓare cikin 'yan makonni. A wanke da ruwan ɗumi da omo, ya bushe sosai, sannan a shafa shafi biyu na fenti mai ɗan sheƙi wanda ake iya gogewa, fari ko ruwan madara. In ƙasan bango yana kumfa yana zubar da gari, danshi ne, daga bututun cikin bango ko ruwan damina. A nemo tushensa a gyara. Don Allah kar a rufe shi da fenti a yi shiru. Aibin da kika sani haƙƙin mai saye ne ya ji shi daga bakinki.

A sa fararen ƙwayayen LED masu lamba 4000K, da siririyar fitila a ƙarƙashin kabad na sama. Duk soket ɗin da ya yi baƙin ƙuna a canja shi. Tukunyar gas ta koma waje cikin keji, a shafa kumfar sabulu a tiyo da mahaɗarsa. In kumfar ta riƙa tasowa, gas yana yoyo. In famfo yana tsiyaya a hankali, kafin a zargi tanki a kwance rariyar bakinsa, galibi yashin bohol ne ya toshe ta.

Ranar da za a zo duba gida, kanta ta zama fili. Tukwane, kuloli da turmi su tafi, sito kar ya wuce rabi don a ga girmansa. Daddawa da busasshen kifi su bar gidan tun kwana uku kafin nan, a buɗe tagogi. Turaren wuta kaɗan ya isa, in ya yi yawa mutum zai fara tunanin me ake ɓoyewa. Ki share bayan kicin ma, domin matar Bahaushe sai ta leƙa ta ga inda za a ɗora babbar tukunya ranar suna ko biki.

Hoton da dillali zai tura ta WhatsApp a ɗauke shi da hantsi, daga bakin ƙofa, bayan an goge ƙura. Kuma ki tabbatar akwai kuɗi a mita da ruwa a tanki, don za su kunna fitila, za su murɗa famfo.