Karo-karon ɗakin marasa lafiya da maganar haraji: amsa ga Ummi

Assalamu alaikum, Ummi.

Saƙonki ya iso, na kuma yi murna da kika fara shekarar sanin makamar aikin likita a asibiti lafiya. Allah Ya sa albarka a hannunki. Tambaya biyu kika haɗa mini. Kin ce a ɗakin da aka ajiye ki, idan ana zagayen safe aka tarar da wanda ya kasa sayen magani, sai babban likita ya sa hannu a aljihu, na ƙasa da shi su bi sahu, har da ke da albashinki bai taka kara ya karya ba, kina son sanin ko al'ada ce da ta zama dole. Sai kuma abin da ya ɗaure miki kai: babban likitan da ya fi kowa bayarwa shi ne ya fi kowa tsine wa haraji idan an zauna hira, yana cewa gara a bar masa kuɗinsa ya yi sadaka da hannunsa.

Wannan karo-karon bai kai ni shekaru ba. Lokacin da muke ɗalibai a Zariya, ƙarshen shekarun 1970, kuɗin mai na shigowa, likita ya rubuta magani a je ɗakin magani na asibiti a karɓa, wanda aka kwantar kuma a kawo masa abinci. Akan taimaka wa baƙo da kuɗin motar komawa gida, amma ban taɓa ganin an yi tarbacen kuɗin safar hannu ba. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai kantocin ɗakin magani suka fara zama wayam. Ranar 31 ga Disamba 1983, da Birgediya Sani Abacha ya yi jawabin kifar da gwamnatin Shagari a rediyo, cikin hujjojin da ya kawo har da cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Sojojin ba su gyara ba. A 1985 likitoci suka tafi yajin aiki, cikin buƙatunsu har da a zuba magani da kayan aiki a asibitoci, gwamnatin Buhari ta haramta ƙungiyar likitoci ta ƙasa, ta ɗaure Dakta Beko Ransome-Kuti. Daga nan sai tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986, sai yarjejeniyar Bamako ta 1987 wadda ta kawo tsarin mara lafiya ya sayi magani a juya kuɗin a sake saro wani. Tun daga lokacin muka koyi yaga takarda muna rubuta wa mai jinya jerin kaya: auduga, sirinji, ledar ƙarin ruwa, zaren ɗinki, ya ruga kemis ɗin bakin ƙofa. Wanda ya karɓi takardar ya tsaya yana jujjuya ta bai motsa ba, kin san abin da ake ciki. Don irinsa aka fara haɗa kuɗi.

To, shi babban naku. Kada ki ɗauke shi mai baki biyu, na zauna da irinsa da yawa, wasu ranakun ma ni ne shi. Likitan gwamnati yana cikin mutanen da suka fi sauƙin tatsa a ƙasar nan, domin tun kafin albashi ya shigo hannunsa an riga an cire haraji. Ɗan ajinsu na sakandare da ke sauke kwantena a kasuwa yana iya samun ribar da ta ninka albashin nan a mako guda, kuma sai abin da ya ga dama ya bayyana wa masu karɓar haraji. Sannan wannan likitan da aka yanka a takarda shi ne zai shiga ɗakin haihuwa da dare ya tarar da mace tana jijjiga, babu allurar da za ta tsayar da ita a kabad, ko a ɗauke wuta ana tsakiyar tiyata a koma hasken waya. Ya biya sau ɗaya ta albashi, ya sake biya ta aljihu. Ki ƙara da cewa mu 'ya'yan waɗanda suka ga haraji da jangali ne. Kakanki ya sha ba mu labarin magidantan da ke sayar da akuyar gida ko su tsere ci-rani idan lokacin karɓa ya zo, da waɗanda aka shanya a rana a ƙofar dagaci. Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979, murna aka yi ta gaske. Mutumin da ya tashi da wannan labari ba ya jin an ce za a karɓi kuɗi a hannunsa ya kawo asibiti a ransa.

Amma ki lura da kyau, ba duk likitoci ne ke magana irin tasa ba, kuma idan kin bi diddigi za ki ga sashen da mutum yake aiki yana da hannu a ciki. A Amurka, inda ake iya sanin jam'iyyar da mutum ya yi rajista a wasu jihohi, jaridar New York Times ta buga wani nazari a 2016 wanda ya haɗa sunayen likitoci da rajistar zaɓe. Likitocin tiyata sun fi karkata ga jam'iyyar Republican mai son rage haraji, likitocin yara da na ƙwaƙwalwa da na cututtuka masu yaɗuwa sun fi karkata ga Democrat mai son faɗaɗa tallafi. Wani ɓangare na dalilin a fili yake, masu tiyata sun fi samun kuɗi, haraji ya fi cizonsu. Ni dai a ganina akwai abin da ya wuce wannan, kuma na gan shi a nan gida ba tare da wata rajista ba.

Likitan tiyata matsala ake kawo masa mai iyaka. Hanji ya toshe, ya buɗe, ya gyara, ya ɗinke, bayan kwanaki mutum ya tashi da ƙafarsa. Shekara talatin yana ganin ƙwarewar hannunsa da jajircewarsa su ne ke raba rai da mutuwa, dole ya yarda cewa mutum ɗaya mai himma ya fi ofis goma. Idan kuma ya buɗe asibitin kuɗi da yamma, shi ke sayen dizal, shi ke biyan ma'aikata, kuma kowane wata da hukumar da za ta turo yaro da rasit. Likitan yara kuwa, a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, ɗakinsa cika yake da masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Zai yi makonni yana tayar da yaro da madara ta musamman da gyaɗar nan ta cikin leda, ya sallame shi, ya koma gidan da babu abinci, ya sha ruwan rijiyar da ta ba shi gudawa tun farko. Wata biyu sai ga shi an dawo da shi, ko ƙaninsa. Wanda ya yi shekaru yana ganin haka ya san maganin da yake nema ba ya cikin alƙalaminsa, yana cikin famfo da rigakafi da makarantar da za ta riƙe uwar yaron har ta isa aure. Waɗannan kuwa ba mai gina su sai da kuɗin jama'a. (Ban manta ba cewa tun farko hali ne ke kai mutum sashe. Mai gaggawa ba ya daɗewa a ɗakin yara. Amma aikin yana ƙara kafe abin da ya tarar.)

Hanyar da ake biyan likita ma tana juya ra'ayinsa. A Ingila, da ministan lafiya Aneurin Bevan zai kafa tsarin lafiya na kyauta a 1948, ƙungiyar likitoci ce ta fi kowa ja da shi, suna tsoron zama ma'aikatan gwamnati. Sai da ya bar wa manyansu damar ci gaba da ganin masu biya a gefe, shi da kansa ya ce ya cika musu baki da zinare. Yau jikokinsu a sana'a su ne ke fitowa kan titi suna kare tsarin. A lardin Saskatchewan na Kanada, likitoci sun yi yajin aikin kwana 23 a 1962 don kada a kawo inshorar lafiya ta gwamnati. A 2018 kuma ɗaruruwan likitoci a lardin Quebec suka sa hannu a takarda suna ƙin ƙarin albashin da aka yi musu, suka ce a kai kuɗin ga ma'aikatan jinya da marasa lafiya. Ba zuciya aka canza musu ba. Sun tashi ne cikin tsarin da suka ga yana aiki, kuma yana biyansu a kan lokaci.

Mu kuwa alkawari muka fi gani. A garin Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka ce kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta ga lafiya, mu masu masaukin baƙi yawanci muna yawo a wajen kashi 5. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, har yanzu fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa a kan jinya daga aljihun iyali yake fita. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, mata suka yi ta kai yara, sai dai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe, har wasu suka kasa sake saro magani. Likitan da ya ga haka, idan ɗan siyasa ya ce “kyauta”, abin da yake hangowa shi ne layi ya ninka, kabad ya bushe, kuma shi za a zaga. Gana ce ta ɗan bambanta: a 2003 ta ɗora kashi 2.5 a kan harajin kayayyaki ta ce na inshorar lafiya ne. Su ma suna fama da jinkirin biya, amma aƙalla mai sayayya ya san sunan abin da ya biya, yana da bakin tambaya.

Saboda haka na fahimci babban naku. Inda na rabu da shi shi ne maganar a bar masa kuɗinsa ya yi sadaka da hannunsa. Sadakar hannu tana zuwa ne ga wanda ido ya gani. Uwar da ta yi kuka a gaban likita ta samu, wadda kunya ta hana ta magana ta naɗe tabarmarta ta sulale da yaro da daddare. Wanda aka kwantar ranar da albashi ya shigo ya dace, na ƙarshen wata ya rasa. Matar da ta zubar da jini a ƙauye aka rasa motar da za ta kawo ta, ba ta cikin lissafin kowa, domin ba ta iso ba. Kuma akwai abubuwan da aljihu ba ya iya ɗauka komai kyawun niyya. Mai ciwon ƙoda yana buƙatar wanki sau biyu ko uku a kowane mako har iyakar rayuwarsa, yaro mai sikila zai yi ta dawowa. Ba da tarbace ake riƙe ma'ajiyar jini ko injin iskar numfashi ba. Zai ce miki ai ga zakka. Zakka farilla ce, kuma da masu hali suna fitar da ita yadda Allah Ya ce da an ga bambanci a ɗakunanmu, amma tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ambata, sau ɗaya take fita a shekara, kuma malamai da yawa ba su yarda a gina asibiti ko a biya albashi da ita ba. Wanda ya isa ya yi irin wannan aiki shi ne waƙafi, shi kuma mun yi sakaci da shi.

Abin da ba a faɗa shi ne karo-karon nan ma haraji ne, sai dai a kan masu taushin zuciya kaɗai yake faɗawa, kuma ya fi nauyi a kan ƙananan ma'aikata. Dubu biyar ɗin babban likita ba ta hana shi komai, dubu ɗaya ta nas kuɗin motarta ne. Yana kuma rufa wa hukuma asiri, domin duk yaron da muka saya wa magani ba ya shiga rahoton kowa a matsayin wanda asibiti ya gaza. Ni ra'ayina a biya haraji, a kuma hana masu karɓa barci. A nan ne nake ganin laifinmu likitoci: mun iya rufe asibiti a kan alawus, kuma da gaskiyarmu, tunda an yi shekaru ana biyan naira 5,000 a wata a matsayin kuɗin kasada ga mai taɓa masu zazzaɓin Lassa. Amma yaushe rabon da ki ji an yi irin wannan tsayin daka don a zuba allurar jijjiga a ɗakin haihuwa? Talaka yana lura, shi ya sa ba ya tsaya mana idan muna yaji.

Game da ke, ba dole ba ne, kuma babu babban da ya san ya kamata da zai ƙullace ki don kin ce yau babu. Ki yanke wani abu ƙayyadadde daga albashinki kowane wata, idan ya ƙare ya ƙare, kada ki ci bashi, kada ki taɓa abin da kike aika wa mahaifiyarki. Kada ki miƙa kuɗi a hannun mai jinya a gaban mutane, ki je ki biya maganin ki kawo, hakan ya fi kare mutuncinsa ya kuma raba ki da masu bin ki har gida. Ki nemi ofishin walwala na asibitin ki san ma'aikatansa da sunansu, ki tambayi yadda ake shigar da marasa galihu cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, domin wasu da kuke yi wa tarbace suna da haƙƙi a can ba su sani ba. Sannan ku buɗe littafi a ɗakin: rana, irin maganin da aka rasa, nawa aka haɗa. Ba sai an sa sunan mai bayarwa ba. Bayan wata shida ku kai wa shugaban sashe, shi ya kai gaba, domin shugabannin asibiti suna iya musanta ƙorafi amma lissafi yana ba su wahala.

Idan kin samu hutu ki taho da takardar albashinki, mu zauna in nuna miki yadda ake lissafin abin da ake cirewa, musamman da yake an sa hannu a sabuwar dokar haraji a 2025, kada a yanke ki fiye da ƙa'ida ba ki sani ba. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki shiga aikin dare.

Baffanki.