Sansanin soja a tsibiri mai nisa da halittun wurin

Malam, ka tambaya daga unguwar Nima ta Accra ko sansanin soja yana kare halittun tsibiri, tunda ana hana mutane shiga. Hana farauta yana da amfani, amma babban haɗarin yana cikin kayan da jirage ke saukewa. A tsibirin Guwam da ke Tekun Pasifik, wani maciji mai hawa bishiya, wanda masana ke danganta shigowarsa da kayan sojan Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye har yawancin tsuntsayen dajin suka ƙare. Fitilun sansani kuma suna ruɗa 'ya'yan kunkurun teku, irin waɗanda ake ƙyanƙyashewa a gaɓar garin Ada a Ghana, su bar ruwa su nufi haske. Ni dai ba zan goyi bayan gina sansani a tsibiri ba sai an tilasta binciken kowane kaya.