Me ya sa yarjejeniyar ƙwadago ke rufe kusan kowa a Faransa, a Amurka kuwa sai 'yan tsiraru?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni wakilin ma'aikata ne a masana'antar da nake aiki. Na ji an ce a Faransa da Amurka kusan ma'aikaci ɗaya ne cikin goma ɗan ƙungiyar ƙwadago, amma a Faransa kusan kowa yana cin moriyar abin da ƙungiyoyi suka daddale da masu kamfanoni, a Amurka kuwa ba haka ba. Ina bambancin yake? Ko yawan yajin aikin Faransawa ne ya jawo?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba yajin aiki ne tushensa ba. Tushen yana cikin abu biyu: a wane teburi ake zaman cinikin, kuma in an sa hannu, wa da wa takardar ta ɗaure.

A Amurka ana yin cinikin kamfani-kamfani ne, sau da yawa ma reshe-reshe. Dokar ƙwadago ta 1935 ta tanadi cewa ma'aikatan wurin aiki ɗaya su nuna rinjaye, galibi ta hanyar ƙuri'a, kafin a tilasta wa mai kamfani ya zauna da ƙungiyarsu. In sun yi nasara, yarjejeniyar ba ta wuce katangar wannan wurin ba. Ka sa kanka a takalmin mai kamfanin mana. In ya amince da ƙarin albashi, abokin gasarsa na tsallaken titi, wanda ma'aikatansa ba su da ƙungiya, zai ci gaba da biyan tsohon albashi ya sayar da kaya da araha. Shi ya sa kamfanonin Amurka ke yaƙar kafa ƙungiya da duk ƙarfinsu tun daga ranar farko, domin tsarin da kansa yana cin tarar wanda ya yarda. A kamfanoni masu zaman kansu na ƙasar, 'yan ƙungiya ba su wuce kusan kashi 6 cikin 100 ba.

Faransa kuwa ta ɗauke teburin daga harabar kamfani ta kai shi matakin sana'a gaba ɗaya. Ƙungiyoyin ma'aikatan gine-gine, alal misali, suna zama da ƙungiyar masu kamfanonin gine-gine. Bayan an sa hannu, ministan ƙwadago yana da ikon faɗaɗa yarjejeniyar ta hau kan duk kamfanin da ke wannan sana'ar, ko ya halarci zaman ko bai halarta ba. Da wannan alƙalamin ne yarjejeniyoyi suka rufe kusan kashi 98 cikin 100 na ma'aikata. Ostiriya ta kai ga irin wannan adadi ta wata hanyar: doka ta wajabta wa kamfanoni zama cikin majalisar 'yan kasuwa ta ƙasa, ita ce kuma ke sa hannu a madadinsu, don haka babu mai zillewa.

Amma kada tsarin Faransa ya ruɗe ka. Ma'aikacin da zai samu ƙarin albashi ko ya biya kuɗin ƙungiya ko bai biya ba, me zai ja shi ya shiga? Ƙungiyoyin sun samu faɗi, sun rasa zurfi. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa rigimarsu ta fi karkata ga gwamnati da zanga-zangar tituna, kamar yadda aka gani a 2023 lokacin da aka ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙasashen arewacin Turai. Suwidin ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi ko kaɗan, haka ma Denmak. Ma'aikata da masu kamfanoni ne ke tsayar da albashi a tsakaninsu, gwamnati ta ja gefe. Wannan ba sa'a ba ce, tarihi ne mai ɗaci ya haife shi. A Denmak, bayan masu kamfanoni sun rufe ƙofa sun hana ma'aikata aiki na tsawon watanni a 1899, ɓangarorin biyu suka yi sulhun watan Satumba, kowa ya amince da zaman ɗan'uwansa. Suwidin ta yi nata a 1938. Akwai kuma wata dabara da ba a cika ambata ba: a waɗannan ƙasashe, da Finlan da Beljiyam, ƙungiyoyin ƙwadago suna da hannu a tafiyar da kuɗin tallafin wanda ya rasa aiki. Wannan ya sa ma'aikaci yana ganin amfanin katinsa ko da babu rigima, shi ya sa kusan biyu cikin uku na ma'aikatan Suwidin da Denmak 'yan ƙungiya ne.

An ga yadda tsarin nan ke kare kansa a watan Oktoba na 2023, lokacin da makanikan kamfanin Tesla a Suwidin suka shiga yajin aiki saboda ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar bai-ɗaya. Makanikan ba su da yawa, amma ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa suka ƙi sauke motocinsa, ma'aikatan gidan waya suka ƙi kai masa lambobin mota. Dokar Suwidin ta halatta yajin aikin taya ɗan'uwa. Irin wannan mataki Amurka ta ɗaure masa hannu tun dokar 1947, Birtaniya kuma ta haramta shi a 1990, bayan gwamnatin Margaret Thatcher ta karya yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985.

Jamus ta raba aikin gida biyu, kuma a matsayinka na wakilin ma'aikata wannan ne ya fi kusa da kai. Batun albashi na babbar ƙungiya ne, irin su IG Metall ta ma'aikatan ƙarfe da ƙere-ƙere, mai mambobi sama da miliyan 2, a matakin sana'a da yanki. Al'amuran yau da kullum na cikin masana'anta, kamar jadawalin aiki da ƙarin sa'o'i da tsaron lafiya, na majalisar ma'aikata ne, wadda duk wurin da ke da ma'aikata biyar zuwa sama yake da damar zaɓa. Majalisar ba ta kiran yajin aiki. Tun da an fitar da rigimar kuɗi daga harabar, wakili da manaja suna iya zama su warware matsala ba tare da kowa ya ɗaure fuska ba. Dokar 1976 ta ƙara da bai wa ma'aikata rabin kujerun hukumar sa ido a kamfanin da ya haura ma'aikata 2,000, ko da yake in ƙuri'a ta yi kunnen doki, shugaban hukumar, wanda ke fitowa daga ɓangaren masu hannun jari, shi ke raba gardama. Duk da haka tsarin yana zaizayewa. Kamfanoni da yawa sun fice daga yarjejeniyar sana'a, yanzu ƙasa da rabin ma'aikata ta rufe, har ta kai Jamus ta kafa mafi ƙarancin albashi a 2015, kan yuro 8.50 a awa.

Japan ta nuna cewa ƙungiyar kamfani ɗaya ma tana iya tasiri in an haɗa lokaci. Kowace bazara ƙungiyoyi kan gabatar da buƙatunsu tare, manyan kamfanoni irin su Toyota su fara amsawa, saura su bi sawu. A 2024 ƙarin da aka samu ya haura kashi 5 cikin 100, wanda a lokacin shi ne mafi girma cikin sama da shekara 30.

In za ka auna matsayinku, ɗan'uwa, fara da gano ko masu kamfanonin sana'arku suna da ƙungiyar da ke da ikon sa hannu a madadinsu, domin ma'aikata ba sa iya cinikin sana'a su kaɗai, dole a samu wanda zai zauna a ɗaya gefen teburin. Sannan ka duba ko ƙasarku ta rattaba hannu a yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 87 ta 1948 kan 'yancin kafa ƙungiya da mai lamba 98 ta 1949 kan 'yancin cinikin bai-ɗaya, da kuma ko dokar ƙwadagonku ta ba minista ko kotu ikon faɗaɗa yarjejeniya zuwa kamfanonin da ba su sa hannu ba. Amurka har yau ba ta amince da ko ɗaya daga cikin waɗannan yarjejeniyoyi biyu ba.